Ɗaki Ɗaya a Kakuri

Ranar da Malam Barau ya miƙo mini makulli,
ɗakin nan kamar bakin tsohuwa yake:
ƙusa uku a bango, shi ke nan haƙoransa,
sai zanen da yoyon damina ya bari a silin.
Na zauna kan akwatina ina lissafin albashi,
kuɗin suka ƙare ban kai ga gado ba.

Iya kuɗinka, iya shagalinka.
Na kwaɓa farar ƙasa a bokiti,
na ɗiga mata bula ta wankin kaya,
bango ya fito kamar sama bayan an ɗauke ruwa.
Kwana biyu hannuna na ƙaiƙayi,
ban damu ba.

Asabar na sauka Kasuwar Barci,
inda ban taɓa ganin mai gyangyaɗi ba.
Aka farke dila, muka rufa mata,
na nutsa hannu har kafaɗa,
na zaro labule ruwan ɗorawa
mai ƙunar dutsen guga a gindinsa.
Na taya, mai gwanjo ya ce albarka,
na juya, ya ce dawo, 'yar'uwa, kawo.
Ƙunar nan na naɗe ta, na bi da allura,
yanzu daga ni sai Allah muka san wurin.

A Panteka na tsinci ƙafar tebur uku,
ta huɗun wani yaro ya ƙago ta daga guntun bututu.
Yana ɗingishi, gaskiya,
amma marfin kwalba ya daidaita masa zama.
Gwangwanin madara ya sha fenti,
na'ana'a ta tsiro a ciki tana leƙen titi.

Kyauta tela ta ce in kwashe ƙyallayen ƙarƙashin kekenta.
Ga shaddar angon da ban sani ba,
ga ankon sunan da ba a gayyace ni ba,
ga leshin wata Hajiya, faɗin tafin hannu.
Na haɗa su dare bakwai da fitilar waya,
suka zama rigar matashin kai.
Rabin unguwa nake kwana a kansa.

Faifai biyar na Inna suka hau kusoshin nan,
biyu sai da na roƙi ƙarin ƙusa.

Taga ɗaya ta rage tsirara,
wadda ke kallon masaƙar da ta yi shiru.
Shekara ashirin da biyu Baba na shiga ƙofar nan,
ranar da aka garƙame ta ya dawo da turmi guda,
kore, da tsuntsaye masu buɗe baki.
Bai ce komai ba, Inna ta sa a ƙasan adaka,
can ya kwanta har Baba ya riga shi kwanciya.
Na roƙa, ta ba ni tana kallon gefe.

Da ta zo ta gan shi a rataye,
ta ce, Uwani, rana za ta cinye shi.
Na ce, Inna, a adaka ma asu ya fara.
Ta yi shiru. Hantsi ya ratso,
tsuntsayen suka sauko kan tabarma,
ɗaya ya sauka a kan ƙafarta.
Ba ta janye ba har shayinta ya huce.

Jiya Malam Barau ya leƙo karɓar kuɗin wuta.
Ya tuɓe takalmi, abin da bai taɓa yi ba,
ya dubi bango, ya shafa labule,
ya ce ashe ɗakin nasa mai kyau ne haka,
baɗi sai mun sake magana kan haya.

Na ce Allah ya kai mu.
Bangon dai nasa ne.
Sauran kuwa, duk da tsuntsayen,
ƙulli biyu ne a bayan keke.