Turmi na Biyar

Ni ne mai faci a bakin ƙofar kwaleji,
nan Kongo, ƙarƙashin darbejiya.
Duk ƙwallon ragar da ta tashi sama a filin nan
iskata ce a cikinta,
don haka in na yi magana, a ba ni kunne.

Ran Asabar baƙi suka sauka daga Gusau,
zaƙo-zaƙo kamar giginya.
Muka ci turmin farko, suka rama,
muka ƙara, suka sake ramawa.
Rana ta karkata bayan Kufena,
na bar wa yaro injin iska da ciniki,
na tsaya a bakin layi har muryata ta dushe.

Turmi na biyar: muna da sha ɗaya, suna da takwas.
Mamuda ne ke ɗaga ƙwallo.
Gajere ne, ban musa ba,
da ƙyar yake shafo bakin raga,
amma yatsunsa sun fi idon wasu gani.
Yakan ajiye wa Bitrus ita a iska
kamar mai ɗora ƙwai a faifai,
Bitrus ya taso ya sara,
ƙasa ta amsa, baƙi su dubi juna.

Sai Koci Dogara ya ɗaga hannu.
Canji.
Mamuda ya fito, Tukur ya shiga.

Tukur! Yaron kirki, kullum yana gaishe ni,
amma tsawo ba dabara ba ne.
Ta farko ya manna ta da raga,
ta biyu ta wuce ta ƙeyar Bitrus,
ta uku shi da Lurwanu suka tsaya kallon-kallo,
kowa na jiran ɗan'uwansa,
ta faɗo tsakaninsu kamar nunannen mangwaro.
Maki biyar a jere, ba a nemi hutu ba!
Ko ɗan acaɓa in ya ji taya na lilo
yakan tsaya ya duba.
Sha biyar da sha biyu. Usur. Shi ke nan.

Daren nan, a teburin mai shayi na Tudun Wada,
na kafa kotu.
Na jera kofuna shida, burodi ya zama raga:
«A bar Mamuda a gurbinsa,
a matso da Lurwanu gaba ya tare,
a riƙa aika sabis kan mai jan takalmin nan
da gwiwarsa ke rawa tun turmi na biyu.»
Kowa ya ce wallahi haka ne.
Mai shayi ya ce in biya kofin da na fasa.

Litinin da hantsi sai ga koci yana turo babur,
tayar baya ta yi faci.
Na ce yau tsuntsu ya faɗo daga sama gasasshe.
Na gyara murya, na wasa harshe,
sai na hangi Mamuda yana biye,
hannun dama naɗe da bandeji,
Shika za su, a ɗauki hoton ƙashi.
Ashe tun turmi na huɗu yatsa ya goce,
ya cije, ya ɓoye, yana ɗagawa yana murmushi.
Mu ɗari uku muna kallon ƙwallo,
mutum ɗaya yana kallon hannu.

Na tsoma roba a ruwa ina neman kumfa.
Na ga hujin tun tuni,
na ci gaba da nema.

Na liƙe, na hura, na ƙi karɓar kuɗi.
Amma abin da ke ciki ba ya kwana biyu a bakina.
Sai da ya buga babur na ɗaga murya:
«Koci, maki biyar fa, ba hutu!»
Ya waiwayo, ya sosa gemu,
ya ce, «Wannan kam ka ci ni.»

Ran Asabar muna da 'yan Kafanchan.
Na riga na ba ƙwallaye iska,
na kuma ce wa Tukur ya riƙa zuwa da asuba,
zan jefa masa, ya ɗaga.