Riƙo

A shagona na bayan Ƙofar Wambai,
tsakanin mai yankan soso da mai rina fata,
akwai inji da bai fi akwatin talabijin ba,
zaune kan tebur da haƙori ɗaya tak,
siriri kamar tsinken sakace.
Kwamfuta ke nuna masa hanya,
ba ya tambaya, ba ya waiwaye.

Da farko na ɗauka gwanintar duk a zane take.
Na zana wa Ɗayyabu baduku tambarin takalmansa,
na ɗora tagulla, na ɗaure ta sama-sama.
Haƙori na taɓa ta, ta yi tsalle,
ta wuce gefen kunnena tana fito,
ta je ta fasa kofin shayin Nafi'u.
Haƙorin ma ya karye.
Sati uku ina jiran wani daga Sin,
kullum bayan la'asar Ɗayyabu na leƙowa:
"Injiniya, yaya dai?"

Na tafi Ƙofar Ruwa da fushina,
na sayo matsi mai muƙamuƙin ƙarfe,
na murɗa, na murɗa har jijiyar wuyana ta tashi.
Aiki ya fito sumul, na ce madalla.
Ina kwancewa fallen ya yi ajiyar zuciya,
ya lanƙwashe kamar ɓawon gyaɗa,
ga shatar haƙoran matsi a kwiɓinsa.
Ashe ƙarfe ma ba ya manta wanda ya takura shi.

Sai na koma wa madannai na gefe.
Guda na manta ban faɗa wa kwamfuta ba,
makahon ya je ya gwabza masa kai.

Akwai katako da nake shimfiɗawa a ƙasa,
a kafe shi da noti, a huda shi, a karce shi,
duk saran da ya zarce shi ke sha.
Ɗan fansa nake ce masa.
Na uku ke nan tun ƙaramar salla.

Ran da na manna salatif biyu da sufagulu a tsakani
Nafi'u ya yi dariya har da riƙe ciki.
Ya riƙe kuwa, riƙon gaske,
sai da zafin bazara ya shigo ta kwanon rufi,
ya saki ba sallama.
Tebur mai zuƙar iska fa, kar ma a tuna mini:
injin na kan batir, famfon na kan Nepa.

Wani dare ina share garin tagulla
Baffa Tukur ya faɗo mini a rai,
shi da ya riƙe ni tun ban san hagu da dama ba.
Awartaki bakwai ne rataye a maƙerarsa,
kowanne da irin bakinsa.
Shekara biyu bai bar ni na taɓa guduma ba.
"Riƙe," kawai yake cewa, "a'a, ba shaƙewa na ce ba."
Na sha kuka a bayan zugazugi,
ina cewa don ba shi ya haife ni ba ne.

Yanzu kafin na kunna
sai na kama aikin na girgiza,
in ya motsa ko da ƙiftawar ido, a sake lale.
In zan yanke shi daga uwar falle
nakan bar masa cibiya huɗu, sirara,
sai an gama na raba su da zarto,
na bi da magagari a hankali.

Nafi'u na son danna maɓalli.
Na miƙa masa sifana.
Ya tura baki, na san abin da yake cewa a ransa.

Tambarin Ɗayyabu na yawo a dugadugan mutane,
daga Kurmi har Kantin Kwari.
Ana yaba zanen.
Gurbin cibiyar nan huɗu kuwa,
ni kaɗai na san inda suke.