Ƙafafun Barliye

Shekara talatin da ɗaya na ja babbar mota
tsakanin Tawa da Arlit.
Yanzu ido ya ƙi hanya,
hannu kuwa ya ƙi zama,
sai na koma gindin dogon-yaro a Bilbis
ina sake ƙera ta, tsawon taƙi biyu.
Gwangwanin tumatir ya zama bodi,
wayar laima ta zama aksil,
har lotsawar nan ta ƙofar hagu na saka mata,
wadda raƙumi ya yi mini kusa da Abalak.

Saura ƙafafu.
Na fafe su shida daga icen kalgo,
na yanko tsohuwar robar taya siri-siri
don in naɗa musu.
Nan aiki ya tsaya:
da me roba za ta kama ice?

Na fara da ƙaro, gam ɗin ƙuruciyarmu.
Na jiƙa shi a murfin kwalba ya kwana,
na shafa, na ɗaure da zare.
Ranar farko ya riƙe amana.
Rana ta uku, zafin azahar ya leƙo,
robar ta kwance kanta a hankali
kamar rawanin mai gyangyaɗi.

Tankari mai tebur ya ce in bar kayan da.
Ya miƙo ɗan mitsitsin bututu, dala arba'in:
"Ɗigo ɗaya, Baba, ko ƙarfe sai ya yi shiru."
Ya kama kam, tun ban gama bisimilla ba.
Ya kama robar a karkace,
ya haɗa mini babban yatsa da manuni,
na yini ina nuna wa mutane girman ƙwayar gero.
Washegari robar ta yi furfura,
ta sandare, ta tsage a gaɓa.
Taya ba ta son abin da ba ya lanƙwasa,
na san wannan tun ina yaron mota,
ban san yadda aka yi na manta ba.

Ubaida, jikata, ita ta ce:
"Kai da ka sha faci a hanya,
me ya hana ka tambayi mai faci?"

Na tafi wurin Bizo a bakin tasha.
Ya juya ƙafar a tafinsa, bai yi dariya ba.
Ya goge robar da ɗan dutse har ta yi kaushi,
ya tsoma yatsa a gwangwani mai warin fetur,
ya shafa wa ice, ya shafa wa roba,
ya ajiye su nesa da juna
ya koma ga shayinsa.
Na ce, "Haɗa mana, zai bushe!"
Ya ce, "Shi nake jira.
In ka haɗa su da ɗanye, zamewa za su yi.
Sai ya daina bin yatsa tukuna."

Muka sha kofi ɗaya.
Wata tirela ta wuce da albasa,
na bi ta da kunne har ta sauya giya.
Sannan ya ɗora bakin robar,
ya bi da ita zagaye, yana dannawa,
ya ƙwanƙwasa da gindin cokali.
Na ja da farce. Ta miƙe, ta dawo, ba ta saki ba.

Ya ɗiba mini kaɗan a kwalbar turare,
ya ƙi karɓar ko dala.
Biyar ɗin da suka rage ni na yi su,
ɗaya bayan la'asar kowace rana,
ina zaune da roba a dama, ice a hagu,
ina hana kaina sauri.

Jiya Ubaida ta ɗaura mata zare,
ta loda dabino bakwai da ashana,
ta ja ta daga bakin randa har zaure.
Na duƙa da ƙyar ina duba rairayi.
Sawun ya fito, layi biyu,
na hagu yana ɗan cin gefe
kamar yadda uwarta take yi
in an wuce Tabalak.