Gurbi Ɗaya

A Malumfashi Fara ake ce min.
Kakata Kande ce ta laƙaba min ranar suna,
ta ɗaga zani ta leƙa, ta ce
wannan kam hasken dangin uwa ta kwaso.
Shekara talatin da biyu ina amsawa.

Yau a Sunderland, a ofishin firamare,
laimata na ɗiga gefen kujera,
wata mai gashi kamar gemun masara
ta miƙo takarda da biro ɗaure da igiya.
Ta ce ba dole ba ne.
Sau biyu ta faɗa,
da murmushin wanda ya taka ka a bas.

Gurabe a jere, kamar na dara.
Na nemi wankan tarwaɗa, babu.
Na nemi Bakatsiniya,
na nemi jikar marina
waɗanda hannunsu ya fi fuskarsu duhu,
babu.
Fari iri-iri a sama.
Can ƙasa, baƙi.

Ramlatu ta ɗora haɓa a damtsena,
da Hausarta mai ɗingishi:
Umma, wanne ne namu?

Ta ina zan fara, 'yar nan?
A rubutunmu kalmar ɗaya ce:
baƙi na gindin tukunya,
baƙi da suka sauka da jaka ake kai musu ruwa,
baƙi da ba ya magana sai an sa masa wasali.
Mu ukun nan duka ne tun da muka zo.

Na tuna kujerar gefena da ke kwana babu kowa
ko da motar ta cika.
Na tuna tsohon nan ɗan Jamaika, mai shara a tasha,
bai san sunana ba, ban san nasa ba,
amma kullum sai ya ɗaga min kai
kamar mun haɗa kaka.
Wataƙila mun haɗa.

Na kama hannunta, muka riƙe biron tare.
Muka danna har takardar ta huje.

Matar ta karɓa, ta yi godiya, ta sa a durowa.

Da daddare waya ta yi ƙara, goggona ce:
Fara, yaya sanyi?
Na ce na'am.
Ramlatu ta ɗago daga littafinta
tana duba bayan hannuna.