Ƙusar da Maɗaci Ya Haɗiye

Iskar farkon damina ce ta kayar da shi,
maɗacin nan na bakin layi a Unguwar Sanusi.
Ya faɗo ya tafi da rabin rufin Lantana mai waina.
Da gari ya waye ta ce wa Maigida Jatau:
"Shi ya ɓata, shi zai gyara.
Fitar min da rafta daga cikinsa."

Ni ne mai saɓa inji a kafaɗa,
galan na fetur a hagu,
magagari a aljihu.
Shekara uku ina bin sa,
bai taɓa bari na ja igiyar tayarwa ba.

Maigida ba ya ji sosai.
Inji ya cinye masa kunne ɗaya da rabi,
don haka da yatsa muke magana,
yatsun nasa kuma tara ne.
Na goman yana dajin Kachiya
tun ba a haife ni ba.

Ya jiƙa zare da baƙin mai,
na riƙe can, ya riƙe nan,
ya ɗaga tsakiya ya saki,
layi ya kwanta a gadon bayan gungume
miƙaƙƙe kamar sahun Juma'a.

Ja na fari, tari. Na biyu, tari.
A na uku inji ya yi gurnani,
kajin layin suka watse,
yara suka matso da yatsu a kunne.
Jar dusa tana zuba a kan takalmansa,
ɗacinta har maƙogwarona.
Falanki ya rabu da gungume,
wani ya bi shi, wani ya bi wannan.

A na huɗu ne muka ji ƙas.
Tartsatsi ya tashi,
inji ya yi tsalle ya nufi fuskarsa.
Allah ya sa dantsen tsohon bai yi barci ba.
Sai shiru,
irin shirun da ke ƙara a cikin kunne.

Haƙoran sarƙa biyar sun tafi.
Ya ɗauki gizago ya faskara wurin:
ƙusa ce, inci shida, baƙa ƙirin,
taƙi guda can cikin itacen.
Ya haɗiye ta, ya rufe baki, ya ci gaba da girma.

Wani dattijo da ke alwala a gefe ya leƙo.
"Ta Barau ce, mai aski.
Nan yake rataye madubinsa
tun masaƙun Kakuri na busa jiniya.
Ranar albashi, layin ƙeya har bakin kwata."
Barau ya rasu, madubi ya fashe,
masaƙu sun rufe ƙofa,
ƙusa tana nan tana jiran sarƙarmu.

Maigida bai ji ko kalma ɗaya ba.
Ya juya ta a tafinsa,
ya lissafa kuɗin sabuwar sarƙa a Fanteka,
ya yi tsaki, ya jefo min.
Sannan ya kamo hannuna ya ɗora kan katakon,
ya bi da shi a hankali
har inda wani baƙin tabo ya malala cikin ja,
alamar da dukanmu ba mu gani ba.
Ya ce da ƙarfi, yadda masu raunin ji ke yi:
"Itacen gari ba na daji ba ne, Sallau.
Ya zauna da mutane.
Duba kafin ka yanka."

Kwana uku muka ɗora kwano.
A ranar ƙarshe ya miƙo min inji ba magana,
ya nuna guntun rafta da ya yi tsawo.
Na duba sama, na duba ƙasa, na shafa,
sannan na ja.

Ƙusar kuwa na miƙar da ita da guduma,
na kafa ta a raftar kusa da murhu.
Jiya na wuce sayen waina,
na ga Lantana ta rataye matankaɗi a jikinta.