Turmin Farmasi

A ɗakin baya na farmasi, unguwar Ali Ɗan Sofo,
wuta ta ɗauke, fanka ta yi shiru.
Tsahara na niƙa ƙwaya a turmin tangaran
don jaririn da bai iya haɗiya ba tukuna.

Na ce mata, sassauta hannu.
Cikin farar ƙwayar nan akwai jeri,
kamar tubalin da magini ya ɗora bisa igiya.
Taɓarya na rushe shi,
zafin guga na sake masa zama.

Ta yi dariya: "Ai nauyin bai ragu ba,
sikeli shaida ne."

Haka ne. Sukari ma bai ragu ba
ran da ya koma alewa,
amma je ki tambayi harshe
wanne ya riga narkewa.

Garin da muka niƙa ran Laraba
ya sha raɓar gulbi, ya dunƙule.
Yau ruwa ya yi kira, ya ƙi amsawa.
Sunansa na nan jikin kwalba,
halinsa ne ya yi ƙaura.

Uwar yaron na bakin taga tana jijjiga goyo.
Tsahara ta zubar, ta ɗauko sabuwa,
ta murza sau bakwai,
tana ƙirgawa a hankali.