Rabin da Ke Waje

Na sayi sanyi a watan da Sakkwato ke tafasa,
watan da kwalta ke riƙe takalmin mai tafiya.
Kwali biyu aka sauke mini a Runjin Sambo:
na ɗaka fari, ɗan gata, kowa ya yaba,
na waje mai fanka a ciki, mai gurnani.
A kan na wajen nan zan yi magana.

Modi mai gyara ya zo da tsani da jakar sufana,
ya zaga gidan sau biyu bai ce uffan ba.
Na nuna bangon yamma, nan ya fi kusa,
bututu kaɗan, kuɗi kaɗan.
Ya ɗora tafi a bangon, ya janye kamar an cije shi.
"Alhaji, nan ko ƙwai ka aza shina dahuwa kahin la'asar.
Injin ga lumfashi shikai, kamar ni da kai.
In ka ba shi wuta shi shaƙa, me kaka jira shi ba ka?"

To, sai lungun gabas, inda inuwa ke wuni.
Dare uku na yi barci har da bargo,
ni da rabona da bargo tun Janairu.

Ran na huɗu Inna Kulu ta yi sallama,
jikanta a goye, wuyansa duk ƙurajen zafi.
Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba.
"Zahin da kak koro daga ɗakinka,
ina kaka zaton ya tahi?
Ga shi can bisa tabarmata, ta taga ya shigo."
Na duba. Bakin injin da tagarta
kamar masu raɗa.
Shekara goma sha tara muna raba katanga ɗaya,
ban taɓa aika mata da komai mai yawa haka ba.

Muka kwance shi, na sake biyan kuɗin gas.
Bangon arewa, inda ba tagar kowa,
aka ɗaga shi kan ƙafafun ƙarfe,
taƙi biyu tsakaninsa da bango don iska ta ratsa,
nesa da bakin indararo,
sama da inda ruwan Agusta ke kwanciya.

Ban san yana da maƙiya haka ba.
Jar akuyar Ladan ta miƙe kan ƙafa biyu
ta cinye baƙin soson da ke naɗe da bututu.
Ƙadangare ya shiga akwatin wayoyi neman mafaka,
da shi da fis suka tafi tare.
A layin baya kuwa an wayi gari
wani gida sai ƙusoshi huɗu a bango,
masu son jan ƙarfe sun riga ladan tashi.

Ɗan'ige mai walda ya ce a rufe shi ruf da kwano.
Modi ya ce, "Tsaro aka so, ba kabari ba."
Aka yi masa keji na raga mai manyan idanu,
rumfa a karkace, kamu guda sama da kansa,
ƙofa mai kwaɗo biyu, mabuɗan na ƙarƙashin matashina.

Duk Juma'a, kafin wanka,
ina share ganyen dogon yaro daga bayansa,
in zuba wa haƙarƙarinsa ruwa a hankali.
Kurciya ta yi sheƙa a rumfar. Na ƙyale ta.

Siririn tiyon nan da ke ɗiga dare da rana
na ƙara masa tsawo, na ratsa da shi ta gindin katanga.
Can yake ɗiga yanzu, a gindin zogalen Inna Kulu.
Jiya yaron ya shigo da kwano a rufe, wuyansa sumul.
Na buɗe: kwaɗo ne, da ƙuli da albasa.
Na ukun ke nan, kuma shi ba ya son mabuɗi.